Malam na Ɗakin Kawu

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ban san damana da haguna ba, ya rasu a tsakiyar bazarar bana, aka yi masa sutura bayan azahar. Jama'a kam ta taru, ba zan yi ƙarya ba. 'Yan uwa sun zo daga Kausani da Achika, masuntan bakin kogi sun ajiye komarsu sun zo, har waɗanda suka shekara ba su taka zaurenmu ba na gan su a kan tabarma. Sai dai abin da kunnena ya ji a zaman makokin nan shi ya hana ni yin shiru.

A cikin gida mata sun cika tsakar gida maƙil, ana zaune kafaɗa da kafaɗa a wannan zafi, amma ƙofar ɗakin Kawu fayau, ba wadda ta yarda ta zauna kusa. Wata maƙwabciyarmu ta kama hannuna ta yi mini gaisuwa mai kyau, ta ce, "Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne wallahi." Sai ta rage murya ta ce, "Har yanzu abin nan yana ciki?" Wata kuma da za ta wuce bayan gida sai da ta ja mayafi ta rufe fuskar jaririnta. Da na kai ruwan sha bakin zaure, na ji wani dattijo da kunnena yana cewa, "Allah dai ya sa ya tuba kafin cikawa." Ya tuba daga me? Mutumin da ko da ciwon ƙafa ya kama shi sai an riƙe shi an kai shi sahu!

To bari in faɗa muku abin nan da suke tsoro. Kifi ne. Ɗan kifi da bai kai tafin hannuna ba.

Gidanmu gidan masunta ne kaka da kakanni. Kawu ne kaɗai ya ƙi su. Yana saurayi ya gudu Ikko, ya samu aikin dafa abinci a jirgin ruwan dakon kaya, ya ƙare ƙuruciyarsa a kan teku. Ya sha ba ni labarin wata tasha a Bahar Maliya inda jirginsu ya daɗe yana jiran kaya. Ya ce in ya gama girki sai ya leƙa ƙasa, ruwan garau har kana ganin duwatsu, wasu ƙananan kifaye masu ruwan ɗorawa suna yawo bibbiyu. Ya ce, "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "ni ɗan masunta ne, amma ranar na fara ganin kifi ban tuna da miya ba."

Da ya tsufa ya dawo Wudil, sai ya sa aka haɗa masa akwatin gilashi a ɗakinsa, ya kafa sola a kan rufi, ɗan wani tsohon abokin aikinsa mai sayar da kifin ado a Ikko ya aiko masa da irin kifin nan a cikin leda mai iska. Jikinsa fale-fale ne, bakinsa tsini, ga baƙin zane ya ratsa ta kan idonsa, ga wani baƙin ɗigo kusa da wutsiya. Turawa suna kiransa da sunan malam-buɗe-littafi saboda launinsa da yadda yake kaɗa jiki. Kawu ya ce sunan ya yi masa tsawo, sai ya riƙa ce masa Malam kawai. Daga wannan kalma ɗaya duk bala'in ya taso.

Ku dubi yadda abin yake a kunnen wanda bai sani ba. Ana zaune a majalisa, Kawu ya duba agogo ya miƙe ya ce, "Bari in je in ba Malam abinci." Ko a tambaye shi lafiya aka gan shi wani iri, ya ce, "Malam ne ya ƙi cin komai tun jiya." Ko ya leƙo tsakar gida ya ce wa matarsa, wadda nake kira Inna, "Kashe turaren nan, Malam ba ya so." Kun kuwa san a cikin iskokin 'yan bori akwai wanda ake kira Malam. Ga shi ɗan gidan masunta, waɗanda dama ake cewa suna da sirri da ruwa. Ga fitila mai shuɗin haske a ɗaki, ga ƙarar ruwa ba dare ba rana. Shi ke nan, gari ya ɗauka. Wai Kawu ya dawo da aljanin teku a kwalba, wai yana da ido a wutsiya, wai gishiri ake yi masa sadaka da shi.

Na sha ce masa, "Kawu, don Allah ka canja masa suna." Sai ya yi dariya har ya yi tari, ya ce, "Ƙofata a buɗe take. Wanda ke son sani ya shigo ya gani. Wanda ya fi son ji a bakin wani, ko Audu na sa masa sai ya ce sarkin aljanu ne." A nan kam na ga laifinsa, taurin kai gare shi. Amma gaskiya ya faɗa, ƙofar a buɗe take, manya ne suka ƙi shiga.

Wahalar da ya sha a kan kifin nan, ni da na gani da idona ce shaida. Kifin teku ne, ba ya rayuwa sai a ruwan gishiri, kuma ba gishirin miya ba, wani ne na musamman da ake aiko masa a bokiti. Sai ya tace ruwa, ya auna gishirin, ya dama, ya bar shi ya kwana, sannan ya gwada da wani ɗan ma'auni kafin ya canja wani kaso na ruwan akwatin. In zafi ya sa ruwan ya ragu, tatacce zalla yake ƙarawa, don ya ce ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan. Ba ya sa hannu a ciki sai ya ɗauraye shi ba sabulu. Ba a fesa maganin sauro a ɗakin, gara ya shiga gidan sauro ya yi ta gumi. Ga Malam da tsirfar ci. Da aka kawo shi ƙin cin komai ya yi, Kawu ma ya kusa daina ci. Daga baya ya gano dabara, ya riƙa niƙa ɗanyen jatan lande ya shafa a cikin ɓawon ƙumba ya sa a ƙasa, kifin ya zo yana tsattsaga da ɗan bakinsa. Ranar da ya fara ci, Kawu ya aika aka kira ni daga gidan mijina kamar an yi haihuwa.

Babban abokin gaba shi ne zafi. Wanda ya san bazarar Wudil ya san abin da nake nufi. Kawu ya sayi firiza saboda kifin nan kawai, yana daskarar da ruwa a robobi, yana jefa su ɗaya bayan ɗaya a cikin akwatin don ruwan kada ya ɗumama, ga fanka tana busa samansa. To firizar ba ta cika da robobin Malam ba, sauran wurin na unguwa ne. Duk azumi, kafin magariba, yara ne layi a ƙofar gidanmu da kwanuka, kowa a ba shi ƙanƙara kyauta. Wata maƙwabciya mai ciwon suga a nan take ajiye allurarta. Ba wanda ya taɓa cewa ƙanƙarar ta aljani ce a lokacin da take sauka a maƙogwaronsa. Su sha ƙanƙararsa da magariba, su ci namansa bayan isha'i. Kai, mutum!

Yara ne kaɗai suke shiga ɗakin. Sharaɗinsa biyu ne, ba ƙwanƙwasa gilashi, ba ihu. Sai ka gan su sun yi tsit a ƙasa, bakuna a buɗe, yana nuna musu ɗigon wutsiya yana cewa, "Wannan ba ido ba ne, yaudara ce. Babban kifi ya kawo hari nan, shi kuwa ya tsere ta can." Da iyayen suka ji, sai suka hana su zuwa kallo. Karɓar ƙanƙara dai ba a hana ba.

Inna ma da farko ba ta ƙaunar kifin ko kaɗan. Mace mai son turaren wuta a ce mata kada hayaƙi ya doshi ɗakin miji? An kai ruwa rana. Na taɓa jin ta tana cewa, "Ni dai an mai da ni baiwar kifi, in daka wa mutum, in niƙa wa kifi." Amma ita ce dai, in Kawu ya tafi jana'iza ko ɗaurin aure, za ka tarar ta ja kujera gaban gilashin tana tsince shinkafa, tana yi masa mita kamar yana ji. Har ya gane ta, in ta shigo sai ya taso gaba yana kai da komo.

Rigimar da ba ta warke ba ita ce ta Kawu da ƙaninsa, wanda muke kira Kawu Ƙarami. Shi ne ya riƙe sana'ar gida, duk bakin kogi an san shi, in ya dubi fuskar ruwa zai gaya maka tarwaɗa ce a ƙasa ko karfasa. Ranar da aka kawo akwatin ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Yaya, ka ba mu kunya. Ubanmu kifi ne ke ciyar da shi, kai ka dawo kana ciyar da kifi." Kawu ya ce, "Kai da kake kashe su kullum, ka taɓa zama ka kalli guda ɗaya?" Maganar ta yi masa zafi. Tun daga ranar iyakarsa zaure, ya gaida yayansa ya juya. Bai taɓa ɗaga labulen ɗakin ba, bai taɓa ganin kifin ba, sai abin da yake ji a gari, kuma abin yana cin sa, don sunan gidansu ne ake ja a ƙasa.

Da ciwo ya kwantar da Kawu, ni nake zuwa safe da yamma in yi hidimar akwatin, yana kwance yana gyara mini. Wata rana ya ce, "Uwata, ba ni da abin da zan bar miki, gado na 'ya'ya ne. Amma ga amana. Kada ki bari a wulaƙanta shi, bai san kowa a ƙasar nan ba sai mu." Na ce, "Kawu, in sha Allahu kai za ka ci gaba da ba shi abinci." Ya ce, "Ke dai ki ce kin karɓa." Na ce na karɓa.

Washegarin jana'iza babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, ma'aikaci ne a birni, ya sa aka kira ni zaure. Na tarar da shi da Kawu Ƙarami. Yaya ya ce, "Kin ji abin da mutane ke faɗa a kan mahaifinmu. Mun yanke shawara a fitar da abin nan daga gidan. Ba za mu kashe shi ba, za mu mai da shi kogi, mu 'yanta shi, ladan ya kai wa mamaci."

Na ce, "Yaya, wane kogi? Kifin teku ne. In ya shiga ruwan kogi mutuwa zai yi."

Kawu Ƙarami ya ce, "Ke 'yar nan, mu za ki koya wa kifi a Wudil? Kifi kifi ne, ruwa ruwa ne. Zancen gishirin nan duk cikin abin ne."

Na durƙusa, wallahi har ƙasa. Na ce, "Kawu, ku ba ni zuwa sadakar bakwai. Maigidana ya yarda, zan nemo masu sola su kwashe komai a kai gidana, ba wanda zai ƙara jin labarinsa. Ko kuwa ku taso yanzu ku shiga ku gan shi, taku kaɗan ne." Ba wanda ya motsa. Yaya ya ce, "To, za mu duba." Na san wannan za mu duba ɗin, amma ban zaci za su yi gaggawa haka ba.

Inna kuwa da na gaya mata, cewa ta yi, "Ba inda za a kai shi, har gidan naki. Wata huɗu da kwana goma zan yi a gidan nan ba fita. In kowa ya watse, da wa zan zauna?" Ta aika wa ɗanta da wannan magana. Amsar da aka dawo mata da ita ita ce ta yi haƙuri ta ji da takabarta, wannan sha'anin maza ne.

Ranar sadakar uku da safe na koma gidana ɗauko wainar da na sa aka toya. Da na dawo sai na tarar da Inna tsaye a bakin ƙofar da ta raba cikin gida da zaure, iyakar inda takaba ta bar ta ta kai, ɗankwalinta ya zame, hannunta riƙe da robar ƙanƙara. Ta ce, "Sun fita da shi a bokiti. Na yi magana, na yi magana." Na dire kwanon wainar a ƙasa, na fita na tari mai mashin.

Na same su a ƙasan gada, inda ake ɗaure kwalekwale. Yaya yana tsaye a kan tudu kada takalminsa ya jiƙe, ga wasu dattawa biyu da aka ɗauko shaida. Kawu Ƙarami ya shiga ruwa zuwa idon sawu, bokitin a rufe da tsumma, don Yaya ne ya kamo kifin, shi Kawu Ƙarami har lokacin bai gan shi ba. Tun daga nesa nake ihu, "Kawu, don girman Allah tsaya!" Ya waiwayo ya gan ni sarai. Ya yi bisimilla, ya yaye tsumman, ya tuntsurar.

Ruwa ya ja baya a bazara, wurin ba zurfi, duk muna ganin kifin. Ya yi wani zagaye, ya tsaya, ya karkace, ya miƙe, ya sake karkacewa, sannan ya nausa cikin duhun ruwan. Dattawan nan suka ce, "Alhamdulillahi, ya tafi inda ya fito." Yaya ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Shi ke nan, an huta."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "An huta? Ku ji tsoron Allah! Mutumin nan ya ciyar da ku, ya shayar da ku, ko kwana uku bai cika a kabari ba kun kashe abin da ya fi so, kuna cewa lada kuke nema masa. Tsoron bakin mutane ne ya kawo ku nan, ba tsoron Allah ba." Yaya ya daka mini tsawa wai ba ni da kunya. Na ce ranar kunya ta wuce.

Kawu Ƙarami kuwa bai fito daga ruwan ba. Yana tsaye da bokitin a hannu, idonsa a inda kifin ya ɓace. Mutum ne da ya ga mutuwar kifi fiye da yadda zai iya tunawa, ya san yadda lafiyayye ke shiga ruwa, ya san yadda wanda ruwa ke kashewa ke yi. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Wannan ba ɗan ruwan nan ba ne." Ya jefar da bokitin, ya fizgi koma daga wani kwalekwale, ya faɗa ruwan da rigarsa ta zaman makoki. Yaya yana kira, "Kawu, ana jiranmu a gida, za a yi addu'a!" Ko waiwaye bai yi ba.

Aka yi addu'ar uku ba shi. Ni na koma na zauna da Inna a ɗakin Kawu, famfon da ke juya ruwan akwatin yana ta aiki, ba wadda ta iya miƙa hannu ta kashe shi. Ban yi kukan mutuwar Kawu kamar yadda na yi a ranar ba, don amanar da na karɓa da bakina ta salwanta ina tsaye ina kallo.

Sai wajen azahar muka ji zaure ya yi tsit. Na leƙa. Kawu Ƙarami ne ya shigo jiƙe sharkaf, taɓo har gwiwa, hannunsa na dama a buɗe. Ya samo kifin a cikin ciyawar gefe, ya riga ya mutu, launin ya dushe. Na zaci cikin gida zai wuce da shi. A'a. Tabarmar farko ya nufa, ya sunkuya ya kai tafin hannunsa gaban dattijon nan mai addu'ar a tuba. Ya ce, "Duba." Dattijon ya ja da baya. Kawu Ƙarami ya ce, "Na ce ka duba! Ga Malam ɗin. Kifi ne." Ya wuce na gaba, ya wuce na gaba, yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya, ruwa na ɗiga daga rigarsa a kan tabarminsu. Yaya ya taso ya riƙe masa hannu ya ce, "Kawu, mutane na kallo." Ya fizge ya ce, "Su kalla, abin da aka daɗe ana roƙonsu ke nan. Yayana ya ce in zo in gani, na ƙi. Kifi ne, jama'a. Ni na kashe shi."

Sai ga bakuna sun buɗe. "Allah sarki, ashe ɗan kifi ne." "Kai, ga shi kuwa da kyau." "Ni dama ban taɓa yarda da zancen ba." Ni dama! Kowa ya zama ni dama. Shekara da shekaru yana iyo a bayan labule ɗaya, da ransa da launinsa, ba wanda ya ga dama ya leƙa, sai da aka kawo musu gawarsa har tabarma.

Kawu Ƙarami ya zo bakin ƙofa ya durƙusa, tsoho da furfurarsa, ya ce wa Inna ta yafe masa. Ta yafe, ita mai haƙuri ce. Ya juyo gare ni. Na ce, "Kawu, kai ka shiga ruwa, na yafe maka." Sauran kuwa ba su nema ba, ni ma ban bayar ba, kuma ba na jin zan bayar nan kusa.

Ya Allah, ka jiƙan Kawuna, ka sanyaya makwancinsa kamar yadda ya sanyaya wa bayinka, masu baki da marasa baki. Ka ba Inna juriyar zaman da ya rage mata ita kaɗai. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani, kuma ka kiyaye abin da muka bari daga hannun masu nema mana lada irin wannan.